Yadda mai fatsa zai taimaka wa binciken kifin striped bass a gaɓar gabashin Amurka

'Yan'uwa mazauna New York, New Jersey, Maryland da Massachusetts, musamman waɗanda suka fara zuwa bakin teku da fatsa a ƙarshen mako, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: ana ta cewa striped bass, babban kifin teku mai ratsi-ratsi a jiki, ya ragu, kullum ana ƙara matse doka, to wanda ba masani ba kuma ba ma'aikacin gwamnati ba, me zai iya yi? Abin da zai iya yi yana da yawa, kuma galibinsa ba ya cin kuɗi.

Kifin da masuntan kasuwa suka kama, kowanne ana maƙala masa lamba a ƙirga shi. Amma kaso mafi girma na wanda ke mutuwa duk shekara, a hannun masu fatsa na sha'awa yake mutuwa, kuma yawancin abin da suka kama sakinsa suke yi. Hukumar ASMFC ta haɗin gwiwar jihohin gaɓar tekun Atlantika, wadda ke tsara dokar wannan kifi tun daga Maine har North Carolina, tana lissafin cewa 9 cikin kowane 100 da aka saki ba sa rayuwa. A wasu shekarun baya-bayan nan wannan kaɗai ya kai kusan rabin asarar baki ɗaya. Kifin da ka saki da asuba a bakin duwatsu kuwa babu wanda ya gan shi sai kai, don haka labarinsa a hannunka yake. Hukumar ta sa shekarar 2029 a matsayin wa'adin farfaɗo da kifin, alhali ƙidayar 'ya'yan kifi da Maryland ke yi da taru tun 1954, wato matsakaicin adadin da ake samu a kowane jan taru, ta tsaya a 1.0 a 2023 da 2.0 a 2024, matsakaicinta na dogon lokaci kuwa wajen 11 ne. Ga matakan, bi da bi.

1. Yi rajista, ka san dokar ruwan da za ka shiga

Kafin ka sayi ko ƙugiya ɗaya, shiga shafin hukumar kifi ta jiharka ka yi rajistar kamun kifi a ruwan gishiri. A New York da New Jersey kyauta ce, amma dole ce, kuma ana sabunta ta. A Massachusetts dala 10 ce a shekara, wanda ya kai shekara 60 kuma ba ya biya. Jerin sunayen da suka yi rajista na daga cikin abin da NOAA, hukumar tarayya mai kula da teku da kifinsa, ke dogara da shi wajen aika takardar tambayoyi gida-gida, don haka ka sa adireshinka na gaskiya, in ka tashi daga gidan ka gyara. A jihohin da ake sayen lasisi, yawan masu lasisin na cikin ma'aunin da ake raba wa jihohi kuɗin harajin kayan kamun kifi a ƙarƙashin dokar Dingell-Johnson ta 1950, kuma da irin wannan kuɗi ake gudanar da bincike da yawa.

Tun 2023 dokar teku ita ce kifi ɗaya a rana ga mutum ɗaya, tsawonsa daga inci 28 zuwa 31, wato kimanin santimita 71 zuwa 79. A mashigin Chesapeake kifi ɗaya ne, daga inci 19 zuwa 24. A kogin Hudson, arewa da gadar George Washington, New York ta sa inci 23 zuwa 28. Ranakun buɗewa da rufewa kowace jiha da nata.

Hattara: waɗannan lambobi suna canzawa, wani lokaci a tsakiyar shekara, kamar yadda aka yi a watan Mayun 2023 da aka rage iyakar sama daga inci 35 zuwa 31 cikin gaggawa. Kada ka dogara da abin da maƙwabcinka na bakin ruwa ya faɗa maka. Duba shafin jiha a farkon kowace kaka. Sannan ruwan tarayya, wanda ya fara daga mil 3 da gaɓa, a rufe yake ga wannan kifi tun 1990. Ko niyyar saki kake da ita, ba a nemansa a can.

2. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa, kuma dukkansu a haɗe ba su kai kuɗin sandar fatsa ɗaya mai kyau ba:

- allon awo mai tokari a kai, wanda ya wuce inci 36
- filaya mai dogon baki, da abin yanke zare
- koma mai ragar roba, marar ƙulli
- ma'aunin zafin ruwa
- ɗan littafi mai jure ruwa da fensir, domin biro na narkewa idan takarda ta jiƙe
- ƙananan ambulan na takarda, don ɓawon kifi
- safar hannu ta roba

Tef ɗin tela ba ya maye gurbin allon awo. Yana bin lanƙwasar jikin kifi ya ƙara tsawo, kuma a kan kifin da ke dab da inci 28 ko 31 wannan ɗan ƙarin shi ne tazarar da ke tsakanin halal da tara.

3. Gyara ƙugiya, ka koyi saki

Nan ne aka fi yin ɓarna, nan ne kuma hannunka ya fi tasiri, don haka za mu daɗe a kai.

Idan da abinci na gaske kake fatsa, kamar yankan ƙaramin kifin da ake kira menhaden, tana, ko kifi mai rai, doka tun 2021 ta wajabta ƙugiya mai zagaye wadda tsininta ya juyo ya kalli sandarta. A kanti sunanta circle hook, kuma wadda ake nufi ita ce inline, wato tsini da sanda suna kan layi ɗaya. Gwaji mai sauƙi: ɗora ta a kan tebur. In ta kwanta lif, ita ce. In tsinin ya ɗaga gefe, ajiye ta. Ga babban abinci ana amfani da lamba 7/0 zuwa 9/0, kuma kada ka binne tsinin a cikin naman, bar shi a waje.

Amfaninta shi ne ko kifi ya haɗiye ta, idan zare ya miƙe takan zamo daga maƙogwaro ta kama gefen baki. Kuskuren da sababbin hannu ke yi shi ne fizgar sanda da zarar sun ji motsi, kamar yadda aka saba da ƙugiya ta gargajiya. Fizga na fitar da ita daga bakin gaba ɗaya. Ka bar kifin ya juya ya tafi, ka nuna masa kan sanda, ka yi ta naɗe zare a natse har sandar ta lanƙwashe.

Masu amfani da kifin roba ko na katako doka ba ta tilasta musu ba, amma a ganinmu ya kamata su cire ƙugiyoyi masu baki uku, aƙalla na wutsiya, su sa mai baki ɗaya, sannan su matse ƙayar tsini da filaya. Ƙugiyar wutsiya ita ce ke yawan shiga ido ko jan naman numfashi yayin da ta gaba ke baki.

Idan kifi ya kama, ga tsarin:

a) Kada ka ja kokawar. Yi amfani da zare da sanda masu ƙarfin da za su kawo shi cikin 'yan mintuna. Kifin da aka gajiyar har ya kife yakan tafi kamar lafiya lau, ya mutu bayan sa'o'i.

b) Tun kafin ya iso, filaya da allo su kasance a kusa, allon kuma a jiƙe. In za ka iya cire ƙugiya yana cikin ruwa, hakan ya fi.

c) Jiƙa hannunka. Yauƙin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Busasshen tawul, yashi da ƙasan jirgi mai zafi duk suna goge shi. Mai fatsa daga gaɓa ya shiga ruwa ya tare shi, kada ya ja shi kan yashi.

d) Hannu ɗaya a leɓen ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin ciki, kifin a kwance. Rataye babban kifi ta leɓe yana cutar da muƙamuƙinsa da kayan cikinsa. Yatsa kuma kada ya shiga ƙarƙashin kunne, inda jan naman numfashi yake.

e) In ƙugiya ta yi nisa ciki, kada ka tona. Yanke zaren dab da ita ka bar ta.

f) Lokacinsa a iska ya zama na daƙiƙoƙi. In za a ɗauki hoto, mai waya ya shirya tukuna, a ɗaga, a ɗauka, a mayar.

g) Riƙe shi a ruwa, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, har ka ji ya matse yatsanka ko ya kaɗa wutsiya da ƙarfi. Kada ka riƙa jan sa gaba da baya. A jirgi, a tafi a hankali ana riƙe da shi a gefe.

Hattara: tun bayan gyaran doka na 2022 an hana masu fatsa na sha'awa soke wannan kifi da sandar ƙugiya don ɗago shi. Sai koma ko hannu.

Hattara ta biyu, kan zafi: idan ruwa ya haura digiri 70 a ma'aunin Fahrenheit, wato kimanin 21 a Celsius, mutuwar bayan saki na ƙaruwa, kuma ta fi muni a ruwa marar gishiri sosai, irin na saman Chesapeake da cikin koguna. Maryland na fitar da tutar gargaɗi a lokacin zafi: idan ana sa ran iska za ta kai digiri 95 a Fahrenheit, tuta ja ce, shawara kuma ita ce a daina neman kifin bayan ƙarfe 10 na safe. A irin wannan rana ka fita da asuba, ko ka nemi wani kifin.

4. Auna, ka rubuta nan take

Kwantar da kifin a kan allo, bakinsa a rufe yana taɓa tokari, ka matse reshen wutsiya biyu wuri ɗaya, ka karanta inda ƙarshenta ya kai. Wannan shi ne cikakken tsawo, kuma da shi doka ke aiki. Wasu shirye-shiryen bincike kuma tsawon da ya tsaya a tsagar wutsiya suke so. Karanta takardar shirin da ka shiga, kuma kullum ka rubuta wanne ka auna, domin a babban kifi bambancin na iya wuce inci ɗaya.

A kowace fita, littafinka ya ƙunshi kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, mutum nawa ne ke fatsa, daga gaɓa ko daga jirgi, irin abinci da ƙugiya, da zafin ruwa. A kan kowane kifi kuma: tsawo, an riƙe ko an saki, inda ƙugiya ta kama, ko ya yi jini, da yadda ya tafi.

Kurakurai huɗu ne ke lalata irin wannan bayani. Na farko, rubuta ranakun sa'a kaɗai. Ranar da ka shafe sa'a huɗu ba ka kama komai ba, darajarta ɗaya da ranar da ka kama ashirin, domin masana yawan kamu a kan yawan lokaci suke dubawa. In kowa ya ɓoye ranakun da ya dawo hannu rabbana, takarda za ta nuna kifi ya cika ruwa alhali ba haka ba ne. Na biyu, auna manya a bar ƙanana. Kifi mai inci 14 shi ke nuna ko haihuwar shekaru biyu ko uku da suka wuce ta yi albarka. Idan kifi ya yi yawa har ba za ka iya auna duka ba, ɗauki ƙa'ida tun farko, misali ashirin na farko ko kowane na uku, ka tsaya a kanta, sauran kuma ka ƙirga su. Na uku, kintace. In ba ka auna ba, rubuta cewa ƙiyasi ne. Na huɗu, bari sai an koma gida. Bayan kifi goma babu mai tuna wanne ne 22 wanne ne 25.

Inda za ka kai bayanin ya danganta da jiharka. New York na da shirin Striped Bass Cooperative Anglers a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta jihar, DEC. Maryland da Connecticut na da binciken masu fatsa 'yan sa-kai, Maine na raba littafin rubutu, Massachusetts na da ƙungiyar tattara bayanai da ake kira SADCT. A New Jersey, wanda ya karɓi izinin ƙarin kifi na Bonus Program dole ne ya ba da rahoto. Shiga waɗannan shirye-shirye na sa-kai kyauta ne. Akwai kuma manhajojin waya irin su GotOne. Kafin ka saba da kowace manhaja, bincika ko bayananta na isa ga masana, ko kuwa a wayarka kawai suke tsayawa. Masu tsoron kada a gano maɓoyarsu su kwantar da hankali: sunan yanki ko garin da ya fi kusa yakan wadatar.

Idan kuna da yawa a jirgi, mutum ɗaya ya riƙe littafi, don kada kifi ɗaya ya shiga lissafi sau biyu.

5. Ɗauki ɓawo don sanin shekaru

Wannan sai wanda ya shiga shirin da ke neman sa, kamar na New York ko Massachusetts, su ne za su aiko maka da ambulan da bayani. Ɓawon jikin kifi na ɗauke da zobba da ake ƙirgawa a san shekarunsa, da haka ake gane ko kifin da ke cikin ruwa yanzu 'ya'yan 2015 ne, shekarar da haihuwa ta yi kyau, ko na bayanta.

Wurin ɗauka shi ne gefen jiki, ƙarƙashin tazarar da ke tsakanin fikafikan baya biyu, sama da layin da ya ratsa tsakiyar jiki. Da filaya ko bakin wuƙa marar kaifi, zare kamar guda goma. Zuba a ambulan, ka rubuta kwanan wata, wuri da tsawo a bayansa kafin ka taɓa wani kifin.

Hattara: goge filaya bayan kowane kifi. Ɓawo ɗaya na kifin baya da ya maƙale ya isa ya rikita sakamako. Kada ka sa a leda, yana ruɓewa. Ambulan na takarda ke barinsa ya bushe. Kauce wa wurin tabo, domin ɓawon da ya sake tsirowa tsakiyarsa a shafe take, ba ya karantuwa. Kifin da ya galabaita ko ranar da ruwa ya yi zafi, a haƙura da ɓawon, a sake shi.

Ga tsofaffin kifi, ɗan ƙashin da ke cikin kai ya fi ɓawo faɗin gaskiya. Shi ya sa wasu jihohi, kamar North Carolina, ke ajiye firiza a bakin ruwa don karɓar ƙashin kifi bayan an yanke nama. In akwai a yankinka kuma kifin na cikin jerin da suke karɓa, bar kai da wutsiya a haɗe, ka cika katin da ke wurin. Mai cin kifin kogin Hudson kuma ya fara karanta gargaɗin ma'aikatar lafiya ta New York kan gubar PCB, musamman game da yara da matan da ke shekarun haihuwa.

6. Idan ka kama kifi mai alama

Duba kowane kifi ciki da baya kafin ka sake shi. Alamar siririyar roba ce kamar tsinken taliya, kuma sau da yawa gansakuka ta rufe ta har ta yi kama da ciyawar ruwa. Ta hukumar kifi da namun daji ta tarayya, USFWS, wadda ke haɗa aikin jihohi tun tsakiyar shekarun 1980, ruwan hoda ce, daga gefen ciki take fitowa. Ta ƙungiyar American Littoral Society da ke Sandy Hook a New Jersey, wadda ta fara sa alama a 1965, rawaya ce, a baya take kusa da wutsiya. Gidauniyar Hudson River Foundation da Gray FishTag Research su ma suna da nasu.

Ga abin yi. Kankare gansakukar da farce, ba da wuƙa ba, don kada ka goge rubutun. Karanta lambar, ka rubuta, ka ɗauki hoto, ka sake karantawa. Lamba ɗaya da ta kuskure ta mayar da rahoton na wani kifi dabam. Auna tsawo, rubuta kwanan wata, wuri, yadda ka kama, da ko ka riƙe ko ka saki. In za ka sake shi, ko dai ka bar alamar a jikinsa bayan ka tabbatar da lambar, ko ka yanke ta dab da fata da almakashi. Wadda aka rubuta ladan kuɗi a jikinta galibi sai an aika ita kanta, don haka yanke ta. Lambar waya ko adireshin da za ka tuntuɓa na jikin alamar. Yawancin shirye-shiryen za su aiko maka da tarihin kifin, inda aka sa masa alama da yaushe da tsawonsa a lokacin, wasu har da hula.

Hattara: kada ka fizge alama. Ta ciki tana da ɗan maƙali a ƙarƙashin fata, fizga na yaga rami. Sannan alama ba ta halatta kifin da bai shiga awon doka ba.

Ka ba da rahoto ko kifin ƙarami ne, ko ka riga ka cinye shi, ko an yi wata guda. Daga yawan alamun da ke dawowa ake ƙiyasta yawan kifin da ke mutuwa da hanyar ƙaurarsa tsakanin Chesapeake, Delaware, Hudson da gaɓar New England. Alamar da aka jefa a aljihun jirgi aka manta tana karkatar da wannan lissafi. In kana gyaran kifi ka tarar da wani ɗan baƙin bututu a cikinsa, na'urar aika sauti ce da masana suka dasa. Wanke ta, ka ajiye, ka kira hukumar kifi ta jiha.

Mai son ya riƙa sa alama da kansa ya shiga ƙungiya irin American Littoral Society, ya sayi alamu da allurarsu, ya bi umarninsu. Katin da ke tare da kowace alama a aika shi da wuri, domin in an sake kama kifin babu katin farko, aikin ya tashi a banza. Kada kowa ya ƙirƙiro alamarsa.

7. Amsa wa mai tambaya a gaɓa, ka mayar da takardar gida

Wani lokaci kana tattara kaya za ka ga mutum da allon rubutu ko kwamfutar hannu da sikeli yana neman minti biyar. Ma'aikacin binciken MRIP ne, shirin NOAA da jihohi ke gudanarwa a gaɓa. Ba jami'in tsaro ba ne, ba ya yanka tara, amsawa kuma ganin dama ce. Muna roƙon a amsa. Zai tambayi sa'o'in da ka yi, abin da ka fita nema, abin da ka riƙe da wanda ka saki, ya kuma nemi auna na cikin sanduƙinka. Nan littafinka zai yi rana: maimakon ka ce "kamar goma", sai ka ce bakwai. Amsar mutum ɗaya ana faɗaɗa ta ta wakilci masu fatsa da yawa da ba a tambaya ba, don haka ƙarin gishiri kaɗan yakan zama babba a lissafin ƙarshe. Rage lamba don gudun kada a matse doka shi ma cutar kai ne.

Kashi na biyu takarda ce da ke zuwa ta gidan waya, tana tambayar kwana nawa mutanen gidan suka fita kamun kifi a watannin baya. Cika ta ka mayar ko da babu wanda ya je bakin ruwa. In masu fita kaɗai ke amsawa, sai a ɗauka kowane gida haka yake. A 2023 NOAA da kanta ta sanar cewa wani gwaji ya nuna wannan takarda na iya ƙara yawan fita da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, saboda mutane na haɗawa da fitar da suka yi a wasu watanni. Maganin wannan daga ɓangarenka shi ne ka duba littafi ka ƙirga, kada ka amsa da ka.

8. Kifi marar lafiya da masu karya doka

A Chesapeake ana yawan ganin kifi ramamme mai gyambo a fata, alamar cutar mycobacteriosis. Sa safar hannu, domin ƙwayar na iya shiga ta yankan fata, ka wanke hannu bayan nan. Ɗauki hoto, rubuta wuri da tsawo, ka aika wa hukumar jiha. Haka ma in ka ga matattun kifi da yawa suna yawo.

In ka ga ana cika buhu da ƙananan kifi cikin dare, kada ka tunkari kowa. Lura da wuri, lokaci, lambar mota ko jirgi, ka kira jami'an kare muhalli na jihar nan take. Ajiye lambarsu a waya tun kafin ka fita.

9. Halarci zaman jin ra'ayi

Duk lokacin da ASMFC za ta canza doka, takan fitar da daftari, a yi zaman jin ra'ayin jama'a jiha-jiha, wasu a zaure wasu ta intanet, a kuma buɗe ƙofar aika ra'ayi a rubuce zuwa wata rana. Kowace jiha na da wakilai uku a hukumar: shugaban sashen kifi na jihar, ɗan majalisar jiha, da wanda gwamna ya naɗa, su ukun kuma ƙuri'a ɗaya suke jefawa. Sunayensu na shafin hukumar. Yi rajistar saƙonnin imel na ASMFC da na jiharka don kada wa'adi ya wuce ka.

Daftarin yakan zo da zaɓuɓɓuka masu harafi da lamba. Karanta shi, ko aƙalla taƙaitawarsa, ka zaɓi wanda kake goyon baya, ka ambace shi da sunansa. Ma'aikata na ƙirga ra'ayoyi ne bisa zaɓi, don haka wasiƙar da ta ce "a ceci kifi" kawai ba ta da gurbin da za a sa ta. Faɗi jiharka, ko daga gaɓa kake fatsa ko daga jirgi, sannan ka kawo abin da littafinka ya nuna: fita nawa ka yi a bana, kifi nawa, nawa ne ƙasa da inci 20, yaya abin yake in an kwatanta da bara. Shafi ɗaya ya isa. Rubuta da kalmominka, domin wasiƙun da aka kwafa iri ɗaya a dunƙule ake ba da rahotonsu. A zaure ana ba kowa 'yan mintuna ne, don haka rubuta maganarka a takarda ka gwada karanta ta kafin ka tafi. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi wani ya duba masa rubutun, ya aika ta imel kafin ranar rufewa, ya kuma tura kwafi ga wakilan jiharsa uku.